Ziyara a gidan tarihin lantarki na Faransa: yadda ruwa ke zama kuran, da inda zancen ya shafe mu a Nijar



Duk shekara in bazara ta kama, aka shiga ɗauke kuran dare da rana, tambayoyin da ke zuwa mana kusan iri ɗaya ne. Wai daga ina wutar nan take fitowa? Me ya hana a tara ta lokacin sanyi a ajiye don lokacin zafi, kamar yadda ake tara hatsi a rumbu? Kuma barajin Kandaji da aka daɗe ana maganarsa, in an gama shi, zai raba mu da wannan wahala? Don mu amsa, yau za mu zagaya da ku wani gidan tarihi a ƙasar Faransa wanda ba a ajiye kome cikinsa ba sai labarin yadda ake samar da lantarki da ƙarfin ruwa. In mun fito daga can, sai mu dawo gida mu dubi kogin namu.

Inda gidan yake

Sunansa Musée EDF Hydrélec. Yana ƙauyen Vaujany, cikin duwatsun Alpes, a kudu maso gabashin Faransa, tafiyar kamar awa guda a mota daga birnin Grenoble. Kamfanin lantarki na Faransa, wato EDF, wanda aka kafa a 1946, shi ya buɗe gidan a 1988. An gina shi a bakin tafkin Verney, dab da tashar Grand'Maison, wadda ta fi kowace tashar lantarki ta ruwa ƙarfi a Faransa. Ke nan mai ziyara yana ganin tsofaffin injuna da ƙananan samfurori a cikin ɗaki, in ya leƙa waje kuma ya ga ruwan da ake aiki da shi yau.

Hanyar zuwa ma darasi ce. Tana bi ta garin Vizille. A 1883 wani injiniya mai suna Marcel Deprez ya aika lantarki ta waya daga Vizille zuwa Grenoble, tsawon kilomita 14. Yau wannan ba kome ba ne, amma a lokacin babban labari ne, don ya nuna cewa ana iya yin wuta a inda ruwa yake, a yi amfani da ita a inda mutane suke.

Daga dutsen niƙa zuwa turbin

Labarin da gidan ke bayarwa ya faro tun kafin a san lantarki. Shekaru dubu biyu da suka wuce, mutane sun riga sun gano cewa in aka kafa ƙaton wili na katako a bakin rafi, ruwa zai juya shi, shi kuma ya juya dutsen niƙa. Aikin da mata ke yi da hannu a kan dutse, ko injin niƙa ke yi da gazuwal a ƙauyukanmu, can ruwa ne ke yin sa. Da irin wannan wili aka riƙa yanka katako, ana hura zugazugin maƙera, ana ɗaga ruwa zuwa gona kamar yadda jigo ke yi a fadama.

Matsalar wilin katako ita ce ɓarna: yawancin ƙarfin ruwan yana zubewa a banza. A 1827 wani Bafaranshe, Benoît Fourneyron, ya ƙera wili na ƙarfe wanda ruwa ke ratsa dukkan fikafikansa a lokaci guda. Na farkon ƙarfin doki shida kawai gare shi, amma shi ne kakan abin da ake kira turbin.

Daga nan sai wani mai masana'antar takarda, Aristide Bergès, a Lancey kusa da Grenoble. A 1869 ya kama ruwan da ke gangarowa daga dutse, ya tura shi cikin bututun ƙarfe daga tsawon mita 200, don ya juya injunan da ke markaɗa itace. Daga baya ya kai mita 500. A babban baje kolin birnin Paris na 1889, shi ya yaɗa sunan da har yau Faransawa ke kiran wannan ƙarfi da shi: farin gawayi. Nufinsa, baƙin gawayi na ƙarƙashin ƙasa, irin wanda Sonichar ke tonowa a Anu Araren cikin jihar Agadez, in an ƙona shi ya tafi ke nan. Amma dusar ƙanƙarar da ke kan dutse tana narkewa ta zama ruwa, baɗi ta sake sauka.

Yadda juyawa ke zama wuta

Wanda ya taɓa hawan keke mai dinamo ya riga ya san sirrin. Taya na juya ɗan kan dinamo, fitila ta kama. Ka tsaya, ta mutu. Cikin dinamon nan mayen ƙarfe ne da wayar jan ƙarfe da aka nannaɗe. In mayen ƙarfe ya motsa kusa da waya, lantarki na gudana cikinta. Wani masani ɗan Ingila, Michael Faraday, shi ya gano haka a 1831. A 1871 kuma Zénobe Gramme, ɗan Beljiyam, ya nuna dinamon da zai iya aiki a masana'anta.

To, manyan injunan da ake gani a gidan tarihin nan duk dinamon keke ne da aka girmama. Abin da ya bambanta tashoshin lantarki shi ne wa ke taka keken. A gurup ɗin da ke shagon mai walda, gazuwal ne. A Anu Araren, tururin ruwan da gawayi ya tafasa ne. A baraji, ruwa ne da kansa. Panon hasken rana ne kawai ya fita daban, shi babu abin da ke juyawa cikinsa.

Ku riƙe zancen nan na "ka tsaya, ta mutu", don a nan amsar tambayar rumbu take. Waya ba ta ajiye wuta. Kuran ɗin da ke kunna fankarku a wannan daƙiƙa, a wannan daƙiƙar aka yi shi. Dole abin da injuna ke bayarwa ya yi daidai da abin da jama'a ke ja. In buƙata ta fi ƙarfin injuna ko ta fi abin da layi zai iya ɗauka, sai a yanke wa wasu unguwanni don kada duka ta faɗi. A watannin Maris, Afrilu da Mayu kowa na kunna fanka da firigo lokaci guda, shi ya sa yankewar ta fi yawa a lokacin.

Lissafin da ke bayan kome: yawa da tsawo

In mutum bai fito da kome daga gidan nan ba, ya fito da wannan: ƙarfin da ruwa ke bayarwa ya dogara kan abu biyu, yawan ruwan da ke wucewa a kowace daƙiƙa, da tsawon inda yake faɗowa.

Mu auna da abin da muka sani. Tano biyar masu cin lita 200, ko bido 40 masu cin lita 25, su ne lita 1,000. In wannan ruwa yana faɗowa kowace daƙiƙa daga tsawon mita ɗaya, yana ba da wajen kilowat 9. In daga mita 30 ne, wajen kilowat 260. In daga mita 900 ne, wajen kilowat 8,000, wato megawat 8. Ruwan bai ƙaru ko da ludayi ɗaya ba, tsawon ne ya canza.

Shi ya sa turbin ya kasu iri-iri, kuma manyan iri uku ne ake nuna wa mai ziyara.

Na farko shi ne Pelton, sunan wani Ba'amurke da ya ƙera shi a wuraren haƙar zinariya na Kaliforniya, ya yi masa rajista a 1880. Wili ne da aka jera wa ludayoyin ƙarfe a gefe, kowane ludayi da tsaga a tsakiya. Ana harba masa ruwa kaɗan amma da matsanancin gudu. Ruwan da ya faɗo daga mita 900 yana fita bakin bututu da gudun da ya zarce kilomita 400 a awa. Wannan na ƙasar duwatsu ne.

Na biyu shi ne Francis, wanda aka ƙera a Amurka a 1849. Ruwa na shiga ta wani gida mai siffar katantanwa, ya kewaye wilin, ya fita ta ƙasa. Shi ne na matsakaicin tsawo, kuma shi aka fi amfani da shi a duniya.

Na uku shi ne Kaplan, na wani injiniya ɗan Ostiriya, a 1913. Kamar fanka yake, ko farfelar jirgin ruwa, kuma ana iya karkata fikafikansa daidai da yawan ruwan da ke zuwa. An yi shi don manyan koguna masu tafiya a shimfiɗe, inda ruwa ke da yawa amma tsawo kaɗan ne. Wannan shi ne irin namu.

Tafki biyu da suka zama rumbu

Yanzu mu leƙa waje. Tashar Grand'Maison, wadda ta fara aiki tsakanin 1985 da 1987, tana da tafki biyu. Na sama yana can kan dutse, yana ɗaukar ruwa wajen mita kubik miliyan 137. Na ƙasa shi ne Verney da ke gaban gidan tarihin, mai ɗaukar wajen miliyan 15. Tsakaninsu tsawon ya zarce mita 900. Injuna 12 ne, huɗu Pelton, takwas kuma masu aiki gaba da baya. Ƙarfinta megawat 1,800, kuma cikin ƴan mintoci take kaiwa wannan ƙarfi.

Ga dabarar. Lokacin da jama'a ke jan wuta da yawa, sai a saki ruwa daga sama ya juya injuna ya taru a ƙasa. Lokacin da wuta ta yi rara, misali tsakar dare, sai injunan nan takwas su koma famfo, su mayar da ruwan sama. Ba a samun duk abin da aka kashe, wajen kashi uku cikin huɗu ne ke dawowa, amma an samu a lokacin da ake buƙata.

Ashe ke nan akwai rumbun wuta, sai dai abin da ke cikinsa ruwa ne da aka ɗora a sama. Wannan ya shafe mu ta wajen hasken rana. Tashar Malbaza a jihar Tawa, mai megawat 7, ta fara aiki a 2018. Ta Goru Banda kusa da Yamai, mai megawat 30, a 2023. Rana muna da ita, babu mai musu. Amma in magariba ta yi, lokacin da kowane gida ke kunna fitila da telebijin, pano ya yi barci. Wanda ke da pano a gida ya san kuɗin batir ne ke karya baya. Baraji na iya riƙe ruwansa da rana lokacin da pano ke aiki, ya sake shi da dare. Su biyun abokan aiki ne.

Mu dawo kogin Isa

Kogin Isa, wanda a Najeriya ake kira Kwara ko Neja, ya taso daga duwatsun Gine, ya yi tafiyar kusan kilomita 4,200 kafin ya faɗa teku. Wajen kilomita 550 na tafiyar cikin ƙasarmu ne. Bayan ya bar Gaya ya shiga Najeriya, sai ya tarar da barajin Kainji, wanda aka gama a 1968, shekarar da aka kafa Nigelec a nan gida. Ƙarfin injunan da aka sa masa megawat 760 ne. A ƙasa da shi akwai na Jebba, na 1985, sai na Shiroro a kan kogin Kaduna, na 1990.

Tun 1976 aka ja layi daga Birnin Kabi zuwa Yamai ta Doso. Wani layin ya taso daga Katsina ya shigo ta Gazawa, yana ba Maraɗi da Damagaram. Wutar da ke cikin layukan Najeriya gauraye take, mafi yawanta da iskar gas ake yin ta, amma barajin nan suna da babban kaso a wadda ke zuwa arewa. Kafin 2023, wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da Nigelec ke rabawa daga Najeriya take zuwa. Duk mun ga ma'anar wannan adadi a farkon Agustan 2023, lokacin da aka katse layin saboda takunkumin CEDEAO, har zuwa Maris na 2024 da aka mayar. Masu sayar da ƙanƙara, teloli, masu walda, da gidajen likita da ke ajiye allurar rigakafi a firigo, kowa ya ji a jikinsa.

Akwai wani abu da mutanen Maraɗi ya kamata su sani. Gulbin Maraɗi ya taso daga ƙasar Katsina, ya ratsa Madarunfa da Maraɗi, ya koma Najeriya ya faɗa gulbin Rima. Rima ta haɗu da gulbin Sakkwato, shi kuma ya faɗa kogin Isa kafin tafkin Kainji. Wato wani abu daga ruwan da ke wuce gonakinmu da damina yana cikin wanda ke juya injunan can. Masu aikin Kainji sun san cika biyu a shekara: farin ruwa, mai laka, na damina ta kusa, wanda ke zuwa daga Agusta zuwa Oktoba, da baƙin ruwa, wanda ya taso daga Gine ya daɗe a fadamun Mali ya tace, ba ya isowa sai cikin hunturu. Lakar nan da ta sa ake ce wa na farko fari, ƙasar gonaki ce da ruwa ya kwashe. Manomi ya yi asararta, tafki kuma ya cike da ita a hankali. Don haka mai barin itatuwa su tofo a gonarsa, da mai yin tassa da rabin wata don tare ruwa, amfanin aikinsa bai tsaya ga gonarsa kaɗai ba.

Kandaji: abin da zai iya da abin da ba zai iya ba

Kandaji yana jihar Tilaberi, kusa da Ayoru, wajen kilomita 180 daga Yamai. Shugaba Tandja Mamadou ya aza tubalinsa a 2008. An soke kwangilar kamfanin Rasha da ya fara aikin a 2013, shugaba Issoufou Mahamadou ya sake ƙaddamar da shi a 2019 tare da wani kamfanin Sin, aikin ya sake tsayawa a 2023 da masu ba da kuɗi na waje suka dakatar da tallafi. Har yanzu ba a kammala ba.

Bisa tsari, tafkinsa zai ɗauki ruwa sama da mita kubik miliyan 1,500, wato ya ninka tafkin sama na Grand'Maison fiye da sau goma. Amma wutarsa megawat 130 ce, da injunan Kaplan huɗu. Wanda ya bi lissafinmu na tano biyar ya riga ya gane dalili: tsawon ginin wajen mita 30 ne, can kuwa ruwa na faɗowa daga mita 900. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Ga kuma rana da ke shan nata rabo daga tafki mai faɗi marar zurfi, ga rani da kogi ke ja baya.

Megawat 130 ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da wajen mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wuta a gida, a karkara ma abin bai kai haka ba. Zai rage dogaro da waje, kuma ba ya shan gazuwal. Amma shi kaɗai ba zai haska kowane ƙauye daga Doso zuwa Difa ba, don ko an yi wutar sai an ja waya an kafa taransifo. Kuma wuta ba ita ce kaɗai manufarsa ba. Dattawan Yamai suna tuna watan Yuni na 1985, lokacin da kogi ya daina gudu a gaban birnin. An tsara Kandaji don ya riƙa sakin aƙalla mita kubik 120 a daƙiƙa ko da tsakiyar rani, kuma ya shayar da gonaki har eka 45,000 ta lissafin hekta. Tun da ruwan na ƙasashe da yawa ne, akwai hukumar ABN mai mambobi tara, wadda hedkwatarta ke Yamai, inda ake tattauna rabonsa.

Waɗanda ruwa ke tasa

Injuna masu sheƙi suna da daɗin kallo, amma kowane tafki yana kwance kan gonar wani. A duwatsun Alpes ɗin nan, a 1952, an nutsar da tsohon ƙauyen Tignes don gina baraji. Mutanen garin sun yi turjiya, aka kawo jami'an tsaro aka fitar da su, har kaburburan iyayensu sai da aka tone aka canza musu wuri. A Kainji, dubun dubatar mutane aka tasa, tsohon garin Busa ya nutse aka gina Sabuwar Busa, ƙauyukan ƙasar Yawuri da yawa suka bar tsibiransu da fadamunsu. A Kandaji ma an riga an tasa rukunin farko, kuma rukuni na biyu, wanda ya ƙunshi dubun dubatar mutane har da na Ayoru, shi ne mafi girma.

Mu da za mu sha wutar daga nesa, haƙƙi ne a kanmu mu riƙa tambaya: an biya su diyya? Gonar da aka ba su ta kai wadda suka bari? Akwai ruwan sha da lakwal da likita a sabon mazauni? Masunta da makiyayan da ke kiwo a burgun bakin kogi fa, ina aka sa su cikin lissafi? Kuma in an kunna injuna, su da suka ba da ƙasarsu za su samu wutar a gidajensu?

Ga mai son zuwa

Ƴan uwanmu da ke Grenoble, Liyon da kewaye, shiga gidan kyauta ne. Ku duba ranakun buɗewa kafin ku kama hanya, don suna canzawa tsakanin lokacin sanyi da na zafi, kuma hanyar dutse ce, in ana dusar ƙanƙara sai da shiri. Ku tafi da yara. Ku nemi wilin Pelton ku ƙirga ludayoyinsa, ku tsaya gaban na Kaplan ku gaya musu irinsa za a sa a kogin ƙasarsu. In kun ɗauki hoto ko kun naɗi murya, ku turo mana mu sa wa mutanen gida.

Malaman lakwal na nan gida kuma ba sai sun je Faransa ba. Tsohon dinamon keke, ƙaramin ƙwan fitila, wili da aka yi da murfin gwangwani da cokula, da bido ɗaya na ruwa sun isa. A zuba ruwan daga tsawon gwiwa, sannan a hau kan tebur a sake zubawa, yara su ga bambancin gudun wilin da idonsu. Wanda ya gwada ya aiko mana da labarin yadda ta kaya, kuma mai sauran tambaya kan kuran ko kan Kandaji ya aiko, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.